Farar Gira a Ƙarƙashin Tawada

Na ga abin da kuke rubutawa a ƙasan shafin nan. Wani ya ce in daina ƙorafi in kama hanya, wata ta ce da ita ke da gida irin namu ko ƙofar waje ba za ta leƙa ba. To ku saurara in ba ku labarin ranar shanya zanen hoton babban kakanmu. Bayan nan wanda ya ga dama ya kira ni rago, ba zan musa ba.

Ga sababbin zuwa, sunana Gitae, na gidan Maeng da ke ƙauyen Durumae. In ka sauka a tashar mota ka hango dogon rufi baƙi a gindin dutse, nan ne, kuma ni ne magajin gidan. Mutane kan faɗi kalmar nan suna ɗan rusunawa, ni kuwa in na ji ta sai in ji kamar an ɗaura min igiya a ƙafa. Magaji ba ya tafiya ko'ina. Sauran dangi suna Seoul, suna Daegu, su zo da manyan motoci su rusuna, su ci, su koma. Magaji ne ke share ɗakin kakanni, shi ke zuba giyar shinkafa a gaban allunan sunayensu duk ranar tunawa da mutuwar ɗayansu. Kakannin nan namu kuwa ba su yi shawara ba wajen mutuwa, kowa ya zaɓi watansa. Ba wata da ke wucewa ban sa farar doguwar riga da hular gashin doki ba.

Mahaifiyata ta bar gidan tun ina ƙarami, ta koma Daegu. Mahaifina ya rasu ina tsakiyar sakandare, daga nan na ajiye jakar makaranta. Sai ya rage daga ni sai Kaka, a gidan da ɗakunansa suka fi ƙarfin tsintsiyar mutum biyu.

Ranar da nake ba ku labari na tashi da jaka a ɓoye bayan randunan daddawar waken suya. Abokina Dumin, wanda ke aiki a jirgin kamun kifi a Busan, ya samo min gurbi. Tun da safe ya turo saƙo.

"Kyaftin Tak zai kira ka da tsakar rana. Sau ɗaya yake kira. In ba ka ɗauka ba zai ba wani, akwai mutane a layi."

"Zan ɗauka ko ina cikin wanka," na rubuta masa.

"Haka ka ce bara."

Na rufe saƙonsa. Na buɗe sunan Narae.

Narae 'yar mai awarar ƙauyenmu ce, tare muka tashi. Kakanninta bayin gidanmu ne a da. An daɗe da daina wannan, amma har yau mahaifinta in ya kawo awara ba ya bi ta babbar ƙofa, sai ya zagaya ta ƙaramar da ke kusa da kicin. Yana da wata alama da kowa ya san shi da ita: rabin girarsa ta hagu fari ne tas, kamar an shafa alli. Narae ma ta gado ta. A firamare yara suka riƙa kiran ta tsohuwa, har ta daina zuwa wasa, tun daga lokacin kullum da safe take rufe ta da jagira. Sau ɗaya na ga girar a buɗe bayan mun girma, ranar da ruwa ya dake mu a kan gada. Na ce mata ta yi kyau, ta ce in na sake kallo za ta jefa ni rafi. Ranar nan dai na san na kamu.

Shirinmu shi ne in riga ta tafiya, in nemi ɗaki a Busan, ta biyo ni.

"Mai awara, yau ce ranar," na rubuta mata.

Ta karanta. Can ta turo: "Ranka ya daɗe ƙaramin maigida, ina tace wake. Dangin wasu za su cinye awarar duniya gobe."

"Maganar kira nake yi."

"Na sani."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Hannuna a jiƙe yake."

A kwanakin haka take min, gajerun amsoshi. Na ɗauka fushi take da abin da Kaka ta yi. Don ku sani, ni da Narae ɓoye maganarmu muke, muna tsoron ranar da Kaka za ta ji. Matar da ko auren jikan ƙanin mijinta sai da ta binciki kakannin amarya. Sai ga shi wata rana muna cin abinci ta ajiye cokali ta ce, "Yarinyar nan mai awara. Ka aure ta kafin sanyi ya shigo." Na ƙware da miya. Baffa Sangdo, ƙanin mahaifina, ya cika zauren dangi na waya da faɗa: "Jikar bayinmu ce za ta dafa wa kakanni abinci? Tsufa ya taɓa Mama." Kaka ba ta iya karanta waya, na karanta mata, ta ce in gaya masa ya rage giya.

Ni kuma maimakon murna sai tsoro ya kama ni. Auren Narae a gidan nan yana nufin ta zama matar magaji. Na ga hannuwan Kaka. Na ga yadda bayanta ya lanƙwashe a kan jera wa matattu faranti. Ban so wa Narae wannan ba, ban so wa kaina ba.

"Gitae!" Muryar Kaka ce daga tsakar gida. "Ka mutu ne a ciki? Iska ta yi daidai."

Na fito na same ta cikin rigarta ruwan toka, ta ɗaure gashinta da tsinken azurfa. An jera kanya a igiya ƙarƙashin rufi tana bushewa, rana ta fito, sama ba gajimare ko ɗaya. Irin ranar da ake jira ke nan bayan damina, a fito da zanen hoton babban kakanmu ya sha iska kafin dangi su taru washegari su rusuna masa.

"Sa rigarka," ta ce.

"Kaka, ba kowa fa, daga ni sai ke."

"Shi da za ka ɗauka ba kowa ba ne?"

Na sa rigar, na ɗaura hular, na zura wayata a aljihun wandon da ke ciki. Muka hau matakalar dutse zuwa ɗakin kakanni, tana dafe da kafaɗata. Na wanke hannu, na rusuna, na sauko da dogon akwatin katakon da zanen ke ciki, na kwance ƙullin jan ƙyalle. Magaji kaɗai ke taɓa shi. Na rataye zanen a inuwa, inda iska ke ratsawa, na warware shi a hankali.

Ga shi nan kamar kullum, zaune a kujera cikin rigar fada mai duhu, da tsuntsaye biyu da aka zana a ƙirji, da baƙar hula mai fukafukai. Ba kyakkyawa ba ne. Zanen ƙyanda ya cika masa kumatu, ga wani tsiro a gefen hanci, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Ina yaro na tambayi mahaifina me ya sa mai zanen bai ɗan gyara shi ba, tunda mai arziki ne. Ya ce in mai zane ya canja ko gashi ɗaya, to wani mutum ya zana, kuma duk wanda ya rusuna wa zanen baƙo ya rusuna wa.

Kowace shekara idan an kai nan, Kaka kan kori kowa ta ja ƙofa, ta ce za ta gaisa da tsohon. Na juya zan fita, ina lissafin inda waya ta fi samun layi.

"Tsaya," ta ce. "Ja ƙofar daga ciki."

Na ja. Ta sa na sauke zanen na shimfiɗa shi a ƙasa kan farin ƙyalle, ta danne gefunansa da wasu duwatsu masu santsi. Sannan ta zaro wani ƙunshi daga hannun rigarta: dutsen niƙa tawada, da guntun tawada, da siririn alƙalamin gashi wanda sandarsa ta yi baƙi don tsufa. Ta ɗiga ruwa ta fara niƙawa. Hannunta na rawa, dutsen na ƙwanƙwasa ƙasa.

"Kaka, me za ki yi? Zanen fa?"

"Durƙusa. Idona ya daina gani. Duba min girarsa ta hagu."

Na durƙusa na kai fuskata kusa, kusancin da ban taɓa yi ba. Baƙin girar ya tsattsage kamar busasshen taɓo. Wani wuri ya ɓantare ya faɗi. A ƙarƙashinsa fari ne. Ba farin silikin da aka yi zanen a kai ba, farin gashi, an zana shi ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗago. 

"Ta fito?" in ji Kaka.

"Ta fito."

"Duk damina sai ta fito. Masu zane na zamanin can, ba a fuskar siliki kaɗai suke aiki ba. Ta baya suke shafa launi, ya ratso gaba kamar jini a ƙarƙashin fata. Ba ya kankaruwa. Sai dai a rufe shi, laima ta ɓantare, a sake rufewa."

"Wa ya fara rufewa?"

Ta ci gaba da niƙa tawada, ba ta dube ni ba.

"Zamanin da Japanawa ke mulkin ƙasar nan, magajin gidan ya shiga duwatsu wajen masu yaƙar su. Bai dawo ba. Ya bar mata da jariri, shi ma da farar gira irin ta ubansa. Labari ya zo cewa 'yan sanda za su zo su ɗauki ɗan, don uban ya fito. A lokacin baiwar da ke shayar da shi tana da nata jaririn. Sai uwar ta musanya su. Nata ta miƙa shi ɗakin bayi, na baiwar ta kwantar da shi a shimfiɗar siliki. Ta ɗauki alƙalamin nan ta rufe girar tsohon, don kar wani ya kalli zane ya kalli yaron da ke ɗakin baya."

"'Yan sandan suka ɗauke shi?"

"Suka zo, suka sha shayi, suka kalli jaririn, suka tafi. Ba su ɗauki kowa ba. Amma sun bar ido a kan gidan. Ta ce bari a jira shekara ɗaya. Shekara ta wuce, ta ce a ƙara. Kafin Japanawa su tafi, ɗan baiwar ya yi aure, ya haifi kakanka, shi ke zuba giya a ɗakin nan. Nata ɗan kuma yana share mata tsakar gida, yana ce mata ranki ya daɗe. Tsofaffin da suka san girar gidan nan sun yi shiru don su tsare yaron, har suka mutu da shirunsu."

Na zauna daɓas. Hular ta zame min gefe.

"Wato mahaifin Narae..."

"Jikan ɗan nata ne."

"Ni kuma?"

"Kai jikana ne."

"Kaka, ba wannan na tambaya ba."

"Ita ce amsar da nake da ita."

Ku yarda da ni, dariya ce ta fara zo min. Na yi ta har hawaye. Duk sanyin da na sha a ɗakin nan, duk makarantar da na bari, duk kifin da na jera kansa na kallon gabas don kar kakanni su yi fushi.

"To wa nake zuba wa giya duk shekarun nan?"

"Sun sha dai. Ba wanda ya dawo da ita."

"Mahaifina ya sani?"

"Maza ba sa sani. Uwar ta ba surukarta alƙalamin, ita kuma ta ba ni. Wadda ta karɓe shi ta zama ta gidan nan har kabari. Na miƙa wa mahaifiyarka, ta kalle shi, ta kalle ni, a satin ta haɗa kayanta. Ban ga laifinta ba."

Na tuna yadda na tsani mahaifiyata shekara da shekaru, ina cewa wanke-wanke ta guda. 

"Shi ya sa kika ce in auri Narae."

"In ta haifa maka ɗa mai farar gira, sai a bar tawadar ta zube da kanta. Dangi su ce jinin tsoho ne ya waiwayo. Ba wadda za ta sake riƙe alƙalamin nan."

"Ba don ina son ta ba ke nan."

"Son da kake mata ne ya sauƙaƙa min. Na ga ku a kan gada, ja'iri, kana tsammanin tsofaffi ba sa fita in ana ruwa?"

Na miƙe tsaye. A karon farko a rayuwata na ji ƙafata ba igiya. Ni ba magajin kowa ba ne. Jikan baiwa ne da aka manta a shimfiɗar da ba tasa ba.

"Kaka, tafiya zan yi. Yau."

"Na sani. Na ga jakarka bayan randuna. Na sa maka safa mai kauri a ciki, an ce teku da sanyi."

Da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Ta tsoma alƙalamin a tawada ta ɗaga shi sama da fuskar zanen. Bakinsa na ta karkarwa, ɗigon tawada ya taru yana shirin faɗowa a kan ido. Na cafke hannunta.

"Ka gani ko," ta ce. "Bara da ƙyar na yi. Ka rufe min ita, sai ka tafi. Gobe dattawan sauran rassan dangi za su tsaya a nan da tabaransu. In suka ga farin nan, kowa ya san fuskar mai awara. Za su fitar da allon kakanka da na mahaifinka daga ɗakin nan su ajiye a waje. Mijina da ɗana. Ba na so in ga wannan da raina."

Ta sakar min alƙalamin. Na tsaya riƙe da shi, ban san ko ta ina ake farawa ba. Ni da ko sunana ba na rubutawa a miƙe.

Sai muka ji ƙarar babbar ƙofa. Tana da wani kuka mai tsawo da duk ƙauyen ya sani. Takun mutum ya ratso tsakar gida, aka ajiye wani abu mai nauyi a baranda, takun ya hau matakalar dutse. Aka tuɓe takalmi. Ƙofa ta zuge.

Narae ce, da rigar aikinta shuɗiya mai ɗigon ruwan wake, ta naɗe hannuwa har gwiwa, gashinta a ɗaure baya. Ba ta sa jagira ba. Rabin girarta fari tas a hasken rana.

Macen da ba ta gidan ba ba ta shiga ɗakin nan. Ta shigo. Ta rusuna wa Kaka, sannan ta tsaya a gaban zanen tana kallon sa, ta daɗe.

"Kai, tsoho," ta ce a hankali, "ashe kai ka ja min tsokana a makaranta."

"Kin sani?" na ce.

"Ranka ya daɗe, wa ya koya maka riƙe alƙalami? Kamar mai riƙe wutsiyar kifi."

"Narae, tambayar ki nake."

"Kaka ta zo shagonmu watan jiya. Ta durƙusa a gaban Baba, goshinta har ƙasa, a kan simintin da ya jiƙe. Ta faɗa masa duka."

Na kalli Kaka. Ta kau da kai.

"Me ya ce?"

"Ya ɗaga ta, ya ce awararsa za ta ƙone. Daga baya ya ce a bar shi da tukunyarsa, ya tsufa da koyon zama a babban ɗaki." Ta durƙusa gefen zanen. "Shi ya faɗa. Ni ban faɗa ba."

"Shi ne ba ki gaya min ba? Ina ta maganar Busan kina kallo na?"

"Na so ka ji daga bakin da ya kamata. Kuma na so in yi tunanina ba ka a kaina da surutu."

"To yanzu na ji. Ba abin da ya ɗaure mu, mai awara. Ni ba magaji ba ne, ke ba ki ci bashin kowa ba. Kyaftin zai kira yanzun nan. Tashi mu tafi."

Ta girgiza kai.

"Kai ne mai son teku, Gitae. Ni na ce zan bi ka ne don ba ni da inda ya fi. Tun ina ƙarama nake shigowa gidan nan ta ƙofar kicin da tire a hannu, ana ce min kar in taka baranda. Ka san ɗakin nan mai kallon bishiyar kanya, wanda kuka cika da tsoffin tabarmi? Kullum sai na tsaya na kalle shi, in ce da nawa ne da na buɗe tagar. Ashe a cikinsa aka haifi kakan Baba."

"Ki kalli Kaka! Ki kalli bayanta! Haka kike so ki ƙare?"

"Ina jin ka fa, mara kunya," in ji Kaka.

"Kaka baƙuwa ce aka kawo ta yi wa kakannin wasu hidima," Narae ta ce. "Ki yafe ni, Kaka. Ni nawa ne."

Ta miƙo min hannu.

Na ɓoye alƙalamin a bayana kamar yaro. "Kin san ma'anar karɓar sa?"

"An faɗa min."

"Mahaifiyata ma gudu ta yi."

"Ni ba gudu na zo yi ba. Ba ni, kafin ka ɗiga wa kakana tawada a hanci."

Ban san lokacin da ya bar hannuna ba. Kaka ta sauke wani dogon numfashi, ta jingina da bango ta rufe ido.

"In na tafi fa?" na ce. 

"Sai ka tafi. Ba zan riƙe maka riga ba. Zan zauna da Kaka a ce ina jiran magaji ya dawo daga teku. Ba ni ce farkon wadda ta yi jira a gidan nan ba." Ta gwada bakin alƙalamin a bayan hannunta. "Silikin nan yana tasowa a daidai goshi. Danne min nan da nan, da hannu biyu, ta kan ƙyalle. In ya motsa na ɓata."

Na durƙusa na danne. Kanmu ya kusa haɗuwa. Tana ƙanshin dafaffen wake da hayaƙin itace. Ta ɗan ciji leɓe, ta fara jan gashin ɗaya bayan ɗaya, daga tushe zuwa waje, hannunta ko gezau. Ba mamaki. Aikin da take yi a gaban madubi ke nan kowace safiya tun tana yarinya.

Sai wayar ta fara ruri a aljihuna.

"Ana kiran ka," in ji Kaka, idonta a rufe.

Narae ba ta ɗago ba. "Ga sauran duwatsun can kusa da gwiwarka," ta ce. "Za su iya danne min, in kana da inda za ka."

Na gan su. Biyu ne, masu santsi, in na miƙa hannu zan taɓa su. Ƙofa a buɗe take, ina hango tsakar gida, da babbar ƙofar da ta bari a wangale, da hanyar da ta gangara tasha. Ba wanda ya tare ni. Ba Kaka, ba kakanni, ba jini. Duk rayuwata ina cewa katangar nan ce ta hana ni, yau ga katanga ta ce ba ruwanta da ni.

Wayar na ta girgiza a cinyata. Na ce a raina bari ta gama wannan gashin sai in ɗauka. Ta gama, ta shiga na gaba. Na ce to wannan. Ina kallon farar girarta a saman baƙar da take zanawa, ina kallon wata 'yar zufa da ta tsaya mata a gefen hanci.

Rurin ya yanke.

Iska na kaɗa igiyar kanya a waje. Can saƙo ya shigo. Ban duba ba, na san Dumin ne, na kuma san abin da ya rubuta.

"Ba ka ɗauka ba," Narae ta ce.

"Ki yi aikinki, mai awara."

"Matar magaji za ka ce."

"Magajin ƙarya."

"Shi na samu."

Ta ja na ƙarshe, ta ajiye alƙalamin a kan dutse. Kaka ta buɗe ido, ta rarrafo, ta kai fuskarta kusa tana ƙifta idanu.

"Ta rufu?"

"Ta rufu, Kaka," in ji Narae.

"Duka?"

"Ki kwantar da hankalinki."

Kaka ta dafa bango ta miƙe, ta ce bari ta duba awarar da Narae ta ajiye a baranda kar ƙuda su rigaye dangi. Muka ji takunta na sauka a hankali.

Har lokacin hannuwana na kan silikin. Na sunkuya in ga aikin. Girar ta yi baƙi, ta fi duk yadda na taɓa ganin ta kyau. Amma a can ƙarshenta, daidai inda hasken ƙofa zai sauka in an rataye zanen gobe, gashi ɗaya na nan fari, a tsaye, ba a taɓa shi ba.

"Narae, kin tsallake ɗaya."

Tana goge yatsunta a rigar aiki. Ta dube ni, ba alamar wasa a fuskarta.

"Ban tsallake ba. Dattawanku za su zo da tabarau, ko? Zan tsaya a bakin ƙofar nan da tiren giya, kuma na bar jagirata a gida." Ta miƙo min alƙalamin ta ƙota, tawadar ba ta bushe ba. "In kana so a rufe, magaji, ga shi. Amma da hannunka."